SHIRUN MAI TAƁIN HANKALI BA SHI NE WARKEWARSA BA

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan'uwa masu aikin sa-kai a ɓangaren kula da marasa lafiya ya gabatar ga 'yan'uwa maza da mata na yankin Kadawa, Kura da Bunkure. Mun kawo wa masu karatu shi saboda muhimmancinsa. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah Ta'ala wanda ya halicci ɗan Adam, ya girmama shi da hankali. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa tsarkaka da sahabbansa managarta. 

Abin da aka ɗora mani in yi magana a kansa shi ne 'yan'uwanmu da Allah ya jarraba da taɓin hankali, da kuma yadda za mu gane ko suna samun sauƙi na gaskiya. Ni ba likita ba ne, aikinmu shi ne ziyara da rakiya zuwa asibiti, saboda haka zan tsaya ne a kan abin da ya shafi mai jinya da mai ziyara.

'Yan'uwa, da wuya a sami al'ummar da take tambayar lafiya kamar Hausawa. Ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya iyali, yaya jiki. Amma amsar guda ɗaya ce: lafiya lau, da sauƙi, alhamdu lillahi. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, in ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. Wannan ladabi ne mai kyau, godiya ce ga Allah, ba mu ce a bari ba. Sai dai gaisuwa ba ta auna komai. Mai zazzaɓi ana iya sa masa ma'aunin zafi, mai hawan jini a ɗaura masa abin awo a dantse. To shi mai ciwon da ke cikin ƙwaƙwalwa da zuciya fa, da me za a auna shi?

MA'AUNIN DA MUKA SABA DA SHI

In an tambayi dangin mai taɓin hankali yaya jikin wane, abin da suke cewa shi ne: ai ya samu sauƙi, yanzu ba ya duka, ba ya zagi, ba ya surutai, ba ya fita yawo. Ku duba da kyau, duk abubuwan nan huɗu da aka lissafa, sauƙin da mu muka samu ne. Mu ne muka huta da duka, mu ne muka huta da jin kunyar maƙwabta. Shi kuwa yana can a ƙuryar ɗaki ko a zaure, ya zuba wa bango ido tun hantsi har la'asar, ba wanda ya tambaye shi abin da yake ji.

Ku manoma ne, kun fi ni sanin wannan. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, a zamanin mulkin Audu Bako, ruwa yake biyo magudanai yana zuwa gonakin nan, ana noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Akwai manomin da za a tambaye shi yaya gona, ya ce ta yi kyau ƙwarai tun da babu ciyawa ko ɗaya a cikinta? Ai filin da aka ƙone ƙurmus shi ma babu ciyawa. Manomi yana duba ganye ne, ya duba fure, ya duba 'ya'ya, ya ƙirga buhu ko kwando. Cire ciyawa wajibi ne, amma amfanin gona shi ne abin da aka shiga wahalar dominsa. Haka nan gusar da alamomin ciwo wajibi ne, amma abin nema shi ne mutum ya dawo yana jin daɗin rayuwarsa, yana ibadarsa, yana neman halalinsa, yana shiga jama'a.

Kuma shiru yana da dalilai da yawa. Akwai shirun samun natsuwa. Akwai shirun wanda aka daka har ya ji tsoron buɗe baki. Akwai shirun wanda baƙin ciki ya danne, wato ciwon damuwa mai tsanani. Akwai kuma shirun nauyin magani, domin wasu magungunan wannan ciwo, musamman na dauri irin su Largactil wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, sukan sa barci mai yawa, da sanƙarewar jiki, da rawar hannu, da dalalar miyau. In mun ɗauki kowane shiru a matsayin warkewa, ta yaya za mu bambance waɗannan?

MAGABATANMU BA SU YI SAKACI DA WANNAN BA

Kada wani ya zaci wannan magana baƙuwa ce a Musulunci. Malaman usulu sun lissafa hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta kare su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Shari'a ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin hukunci, amma ba ta ɗauke mana nauyinsa ba, ba ta kuma zubar da mutuncinsa ba.

Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani. Har ya bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda yake faɗo wa mutum haka kawai, wanda ya ce tushensa daga jiki yake. A birnin Alƙahira kuma, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali. Wannan shekaru sama da 700 ke nan.

Mu kuwa me muka gada? Dokar mahaukata da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, aka sabunta ta a 1958, wadda babban abin da ta sa a gaba shi ne tsare mutum. Ita aka yi ta amfani da ita har zuwa watan Janairun 2023 da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Kun kuma ji abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da mutane sama da 300 daga wani gida, da yawansu da mari a ƙafa, sannan aka sake gano irinsa a Daura a watan da ya biyo baya. Iyaye ne da kansu suka kai mafi yawansu, suna neman gyara. Me ya sa suka yarda? Saboda ma'aunin da ke hannunsu shi ne shiru, mari da bulala kuwa suna kawo shiru.

Ga kuma ƙarancin likitoci. A 2022 likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka buga a 2006, ya nuna cewa cikin masu ciwon da ya yi tsanani, kimanin kashi 8 cikin 100 ne kawai suka sami wani magani a shekarar da ta gabaci binciken. Wannan zalunci ne na tsarin da bai ɗauki talaka a bakin komai ba, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma sakamakonsa a aikace shi ne: in ka kai ɗan'uwanka Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, za ka tarar da layi, likita ba zai sami dogon lokaci da shi ba. Sauran kwanakin watan yana hannunmu ne. Ashe dole mu san abin da za mu duba.

ABU BIYU NE, BA ƊAYA BA

Masana sun daɗe da gane cewa awon ciwo daban, awon kwanciyar hankali daban. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun kafuwarta a 1948, ta bayyana cewa rashin cuta kaɗai bai isa a kira mutum lafiyayye ba. Wani masani a Amurka mai suna Corey Keyes ya nuna a rubuce-rubucensa na 2002 da 2005 cewa ana iya samun mutumin da ba shi da wani taɓin hankali amma rayuwarsa ta bushe, ana kuma iya samun wanda yake da ciwon, yana shan magani, amma yana cikin natsuwa da amfani ga kansa da jama'a. Kun san masu ciwon suga da suke noma kadada guda. To haka abin yake a nan ma.

Saboda haka aka tsara tambayoyi na musamman domin auna kwanciyar hankali. Akwai na jami'o'in Warwick da Edinburgh a Birtaniya, wanda aka buga a 2007, mai tambayoyi 14, daga baya aka taƙaita shi zuwa 7. Amma wanda ya fi sauƙi gare mu shi ne wanda ake kira WHO-5, wanda wani likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Denmak, Per Bech, ya jagoranci tsarawa, aka fito da shi a 1998. Tambayoyi biyar ne kacal, duk a kan mako biyun da suka wuce. Ga ma'anarsu da harshenmu:

Na ɗaya, sau nawa ka ji ranka fari, kana cikin nishaɗi?
Na biyu, sau nawa ka ji hankalinka a kwance, jikinka a sake?
Na uku, sau nawa ka ji kana da kuzari da karsashin yin wani abu?
Na huɗu, sau nawa ka tashi daga barci ka ji ka huta sosai?
Na biyar, sau nawa ka ji akwai abubuwan da suke ba ka sha'awa a harkokinka na yau da kullum?

Kowace tambaya makinta daga 0 zuwa 5 ne. In bai ji haka ba ko sau ɗaya, 0. Jefi-jefi, 1. Ƙasa da rabin lokacin, 2. Fiye da rabi, 3. Mafi yawan lokaci, 4. Kullum, 5. Sai a haɗa, a sami adadi tsakanin 0 da 25. In adadin ya gaza 13, alama ce ta cewa mutumin yana cikin ƙunci, ya kamata likita ya bincika ko akwai ciwon damuwa. Ana kuma ninka adadin sau 4 ya zama bisa 100, kuma canjin maki 10 bisa 100 tsakanin awo da awo abin lura ne. Ga wanda lissafi zai ba shi wahala, shawararmu ita ce a ajiye masa ƙwayar masara biyar, a ce ya ɗauki gwargwadon yadda ya ji, ko ya bar su duka.

Bari in ba da misali. A ce matashi ne aka sallamo daga asibiti, gida suna murna ya daina surutai. Ka zauna da shi, ka tambaye shi. Nishaɗi ya ce 1. Kwanciyar hankali ya ce 3. Kuzari 0. Hutun barci 1, domin ko ya yi barcin awa goma sha biyu yana tashi da nauyin jiki. Sha'awa 0. Jimla 5 ke nan cikin 25. Gida sun ce ya warke, shi kuma ga abin da bakinsa ya faɗa. In aka je wa likita da wannan, yana iya rage magani ko ya canza shi, ko ya gano damuwar da ta ɓuya. In ba a tambaya ba, wata rana yaron zai watsar da maganin a ɓoye saboda ya gaji da nauyinsa, ciwo ya dawo, a ce asibiti ba ya magani.

IYAKAR WANNAN MA'AUNI

Sai dai a kula da abubuwa uku. Na farko, wannan ba ya gaya maka sunan ciwo, kuma ba ya ba ka izinin taɓa magani. Ko maki ya hau ko ya sauka, likita ne kaɗai zai ƙara ko ya rage. Na biyu, akwai nau'in ciwon da yake sa mutum ya ji shi a sama, ba ya barci, ga yawan magana, ga rabon dukiya ba lissafi, yana ganin ya fi kowa. Irin wannan zai ba ka 25 cif alhali ciwon ne yake tashe. Saboda haka a haɗa amsarsa da abin da ido ya gani. Na uku, wanda ciwonsa yake kan ganiya, bai san inda yake ba, ba tambaya yake buƙata ba, asibiti yake buƙata a ranar.

Abin da ido zai gani kuwa mu ƙara shi a kan tambayoyin nan biyar. Yana cin abinci tare da jama'a ko shi kaɗai ake miƙa masa? Yana wanka da wanki da kansa? Yana fita jam'i? Ya taɓa wani aiki a makon nan, ko da ban ruwan fangali ɗaya ne, ko tsinkar tumatir, ko ba akuya dusa? In mace ce, tana shiga cikin mata, tana ɗaukar ɗanta da sha'awa? Wannan na ƙarshe ya shafi masu jego ƙwarai, domin akwai matan da ciwon yake kamawa bayan haihuwa, a yi ta cewa iska ce har abin ya yi nisa.

Batun aiki ba ƙaramin abu ba ne. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna karɓar magani suna kuma cuɗanya da mutanen gari. Duniya ta yaba da wannan tsari, shi kansa daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya nema da wahala, mu Allah ya ba mu shi a ƙofar gida: ga dangi, ga masallaci, ga gona rani da damina.

LADUBBAN TAMBAYA

Yadda ake tambayar ya kai tambayar muhimmanci. A keɓe da shi, kada a yi a gaban yara ko a majalisa. Mace ta tambayi mace. A nemi izininsa, in ya ce ba ya so, a ƙyale shi sai wani jiƙon. Kada a sa masa amsa a baki, irin su ai ka ji sauƙi ko? A gaya masa cewa faɗin gaskiyar abin da yake ji ga mai neman taimakonsa ba rashin tawakkali ba ne, ba kuma kai ƙarar Allah ba ne. In ya ba da amsa mai ɗaci, kada a rufe shi da wa'azi nan take, a saurara tukuna. A rubuta kwanan wata da maki a ɗan littafi, duk bayan mako biyu ko wata guda, a tafi da shi ranar ganin likita. Kuma abin da aka ji amana ne. Wanda ya fitar da shi ya ci amana, yana iya hana yarinya aure ko ya hana saurayi abokin ciniki har abada.

Ruƙiyya da addu'a kuma ba sa karo da wannan. A yi addu'a, a sha magani, a yi awo. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne duka da ɗauri da hana abinci da sunan fitar da aljani.

Akwai gargaɗi na musamman ga yankinmu. Kusan kowane gida a nan akwai maganin feshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 20 cikin 100 na masu halaka kansu a duniya da irin waɗannan magunguna ne. Duk gidan da ke da mai wannan lalura, ko wanda makinsa ya faɗi ƙasa, to a kulle maganin feshi a wani wuri daban, makulli a hannun mutum ɗaya. In kuwa ya furta cewa ya gaji da rayuwa, kada a ce wasa yake yi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Kada kuma mu taƙaita tambayoyin nan ga wanda aka riga aka sani da ciwo. Kun tuna 2016, lokacin da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye tumatir, mutane suka wayi gari da bashin taki da na iri ba abin biya. Irin wannan lokaci, da lokacin da kwando ya faɗi warwas a Kwanar Gafan, su ne lokutan da ya kamata mu zagaya mu tambayi juna da gaske. Haka matasan da suke ƙoƙarin rabuwa da kodin da tiramol: barin shan shi ne cire ciyawa, saura a ga me ya tsiro a wurin. Haka ita ma uwa ko matar da take jinya shekara da shekaru, a tambaye ta biyar ɗin nan, domin sau da yawa makinta bai fi na wanda take jinya ba.

ABIN DA MUKE NEMA

A ƙarshe, muna roƙon kowace unguwa ta fitar da mutum biyu, namiji da mace, masu riƙon amana da haƙuri, waɗanda za su riƙa ziyartar gidajen da ke da masu wannan lalura da yardar masu gidan. A tanadi ɗan asusu na kuɗin mota da na magani, domin yankewar magani saboda rashin kuɗi tana cikin manyan abubuwan da ke dawo da ciwo. Masu gonaki su ba waɗanda suka fara samun sauƙi aiki daidai ƙarfinsu, a kuma biya su haƙƙinsu cikakke kamar kowa. Sannan mu hana yaranmu jifa da tsokana, mu ma mu daina kiran mutum da sunan ciwonsa, yana da sunan da ubansa ya raɗa masa.

'Yan'uwa, muna cewa muna tare da raunana. To babu mai rauni kamar wanda in ya yi magana ba a yarda da shi, in ya yi shiru a ce ya warke. Ranar gobe za a tambaye mu game da shi.

Allah Ta'ala ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, ya saka wa masu jinya da alheri, ya kiyaye mana hankulanmu da imaninmu.